Babban Yatsa da Gitar Bas: Nazari a kan Faifan Afrique Victime na Mdou Moctar

1.0 Gabatarwa

A ranar 21 ga watan Mayu na 2021 kamfanin Matador da ke Amurka ya fitar da faifan Afrique Victime na Mahamadou Souleymane, makaɗin gitar na Agadas wanda duniya ta sani da Mdou Moctar. Jaridun Turai da Amurka sun yi masa kyakkyawar tarba, da yawa daga cikinsu suka sa shi a jerin fitattun faya-fayen wannan shekara. Masu sharhi sun kwatanta makaɗin da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen, suka kuma liƙa wa faifan sunayen rassan kiɗan rok iri-iri. A nan gida kuwa, inda kiɗan ya tsiro, an saurare shi an yi rawa, amma nazarin da aka yi masa a sassanmu na jami'a bai taka kara ya karya ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta dubi faifan ta wata kusurwa da aka fi yin sakaci da ita, wato gitar bas da mai kaɗa ta. Dalilinmu shi ne, Mikey Coltun, Ba'amurken da ya kaɗa bas a faifan, shi ne kuma ya jagoranci ɗaukar sauti da tsara shi. Ke nan hannu guda ne ya riƙe gindin kiɗan, ya kuma yanke shawarar abin da kunnenmu zai ji. Za mu yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku. Na farko, wane aiki bas ta karɓa a cikin kiɗan da ya daɗe yana rayuwa ba tare da dogaro da ita ba? Na biyu, shin sunayen rok mai nauyi da na rock progressif, kamar yadda ake kiran sa da Faransanci, sun dace da faifan? Na uku, me aka samu, me aka rasa?

Hanyar nazarin waƙar baka da muka saba da ita, musamman wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), ta ba mu kalmomin aiki irin su turke da jagora da amshi da gindin waƙa. Za mu yi amfani da su. Sai dai hanyar ta fi karkata ga matani, alhali kuwa a wannan faifai rabin maganar a bakin tsirkiya take. Saboda haka za mu ba kiɗa kaso mafi tsoka.

2.0 Gitar a ƙasar Abzin

Ba za mu tsawaita a kan tarihi ba, domin sananne ne. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kori samarin Abzinawa daga kiwo zuwa garuruwan Aljeriya da Libiya. Can aka raɗa musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci chômeur, wato marar aikin yi. A cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta ƴan Mali ta fito. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal su ne suka buɗe hanya. Bayan kashe-kashen Cintabaradan na watan Mayu na 1990 da tawayen da ya biyo baya, kaset ɗin gitar ya zama abin ɓoyo, ana kwafa ana miƙawa hannu da hannu. Da aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, sai gitar ta fito fili, ta shiga bukukuwan aure da na suna da tarukan siyasa.

Wannan sauyin wuri ya sauya kiɗan kansa. Waƙar da ake yi a bakin wuta don saƙo ba ta buƙatar gaggawa. Waƙar da ake yi a ƙofar gidan biki kuwa dole ta tayar da mai rawa. Daga nan ne salon Agadas ya bambanta da na Kidal: ya fi sauri, ya fi ƙara, ya kuma rungumi gangunan bateri. Faya-fayen Guitars from Agadez da kamfanin Sublime Frequencies ya soma fitarwa a 2007, na Group Inerane da na Group Bombino, shaida ne a kan haka. Duk wanda ya saurare su zai ji cewa tsaurin amo da kukan ampili da aka ƙure sun riga Matador isa Agadas da shekaru masu yawa.

Akwai wani tushe na biyu da ya shafe mu kai tsaye. Faifan Mdou Moctar na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da gangar na'ura da muryar da aka tace ta kwamfuta, daidai da salon waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci. Waƙoƙin sun yaɗu daga wayar salula zuwa wayar salula har suka kai arewacin Mali da Muritaniya. Ta wannan hanya ce Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tsinci waƙar Tahoultine, ya sa ta a kundin Music from Saharan Cellphones na 2011. Daga nan Afelan (2013) ya biyo baya, da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai (2015), da Sousoume Tamachek (2017), da Ilana (2019) wanda aka ɗauka a Detroit da cikakkiyar ƙungiya. Abin lura shi ne, makaɗin da ake yi wa kirari da magajin Hendrix ta ƙofar sitidiyon Hausa ya fara shiga kasuwa, kuma ƙaramar lasifikar waya ce ta fara kai shi nesa. Za mu koma kan wannan batu.

3.0 Aikin babban yatsa

Domin fahimtar abin da bas ta yi, sai mun fara duban abin da ta tarar. A kiɗan tahardant, molon Abzinawa mai tsirkiya uku, da kuma a garaya da gurmi namu, aikin hannu kashi biyu ne. Akwai amo guda da ake ta maimaitawa a matsayin gida, akwai kuma karin da ke fita yawo ya dawo. Masu gitar na ishumar sun ɗauko wannan tsari kacokan. Babban yatsa yana dukan tsirkiya mai kauri yana riƙe da gida, manuniya kuma tana zuba kari a kan sirararan tsirkiyoyi. Matakan muryar galibi biyar ne, kuma waƙa tana iya ƙarewa ba tare da an bar gida ko sau ɗaya ba. Wannan ya saɓa wa kiɗan Turawa, inda waƙa ke tafiya ta hanyar sauya haɗin amo daga wannan zuwa wancan.

Tsarin yana da amfani babba: mutum ɗaya da gitar ɗaya ya isa ƙungiya. Yana kuma da iyaka. Muddin babban yatsa yana tsaron gida, hannu ba shi da ikon yin nisa. Ƙungiyoyin biki sun rage wannan matsala da gitar ta biyu, kuma wasunsu sun ɗauki bas tun kafin Mdou Moctar. Eyadou Ag Leche na Tinariwen misali ne sananne. Don haka ba mu ce Coltun ne ya kawo bas cikin kiɗan Abzinawa ba. Abin da muke cewa shi ne, a Afrique Victime an kammala rabon aikin har ƙarshensa. An sauke wa jagora nauyin gida baki ɗaya, aka raba shi tsakanin gitar Ahmoudou Madassane da bas ta Coltun. Madassane yana riƙe da saƙar tsakiya, Coltun yana riƙe da ƙasa, Souleymane Ibrahim yana kora su da ganguna. Hannun Mdou Moctar, wanda bahago ne, ya sami sarari ya hau can saman wuyan gitar, ya ja tsirkiya, ya bubbuga ta da kan yatsa irin yadda Van Halen ya shahara da yi tun 1978.

A ganinmu wannan shi ne mabuɗin faifan. Dogayen zubin gitar da suka burge masu sharhi ba za su yiwu ba in da babu wanda ya karɓi aikin babban yatsa. Bas ta zama babban yatsan da aka cire daga hannun jagora aka ba wani mutum dabam.

4.0 Mai bas a kiɗan rok na Turawa

Kwatanci zai taimaka a nan. Tun da kamfanin Fender ya fitar da bas mai lantarki a 1951, mai kaɗa ta yake tsaye a bayan dandali kusa da mai ganga. Waɗanda suka ji suna da abin faɗa fiye da haka sukan fita su yi faifai da sunansu. John Entwistle na ƙungiyar The Who ya yi haka a 1971. Chris Squire na ƙungiyar Yes ya fitar da Fish Out of Water a 1975, inda bas ke jan kari a gaban cikakkiyar ƙungiyar goge da busa. John Paul Jones na Led Zeppelin ya fitar da Zooma a 1999, kiɗa zalla ba waƙa. Geddy Lee na Rush ya biyo da My Favourite Headache a 2000. Waɗannan faya-faye suna tsakanin rassa biyu ne. Daga rok mai nauyi, irin na Led Zeppelin da Deep Purple da Black Sabbath, sun ɗauki tsaurin amo da gajeren kari mai ƙarfi da ake nanatawa. Daga rock progressif, irin na King Crimson da Yes, sun ɗauki doguwar waƙa mai sassa da yawa, mai sauya ma'auni da gida a tsakiyar tafiya. A dukkansu burin mai bas shi ne a ji shi a gaba.

Coltun ya bi akasin wannan hanya. A dandali ya koma baya ƙwarai, har wani lokaci ya riƙe amo biyu ko uku na tsawon mintoci ba tare da ado ba. Inda ya fito gaba shi ne teburin haɗa sauti. An ɗauki faifan ne guntu-guntu a lokacin yawon wasanni, a sitidiyo da ɗakunan otal da bayan dandali, da kuma a Nijar. Wanda ya tattara waɗannan guntaye ya ɗinke su shi ne ya tsara jerin waƙoƙi, ya ƙayyade tsawon kowace, ya zaɓi kaurin da kowane amo zai samu. Sunan mutum ɗaya ne a bangon faifan, kamar yadda muka saba kiran ƙungiya da sunan jagoranta, mu ce Shata ko Ɗanƙwairo ko Ɗangurmu, alhali akwai makaɗa da ƴan amshi a baya. Amma a al'adarmu babu ɗan amshin da ke komawa gida da waƙar ya yanke ta ya sake jera ta. Wannan sabon matsayi ne, kuma hanyar nazarinmu ba ta da suna a gare shi tukuna.

5.0 Zubi da tsarin faifan

Waƙoƙi tara ne a faifan. Za a iya kasa su gida biyu: masu lantarki, kamar Chismiten da Taliat da Asdikte Akal da Afrique Victime, da masu gitar katako, kamar Ya Habibti da Tala Tannam da Layla da Bismilahi Atagah. Akwai kuma wata ƴar gajeriyar mahaɗa marar suna a tsakiya. An jera su ne ta yadda zafi da sanyi ke karɓa-karɓa.

5.1 Chismiten

Waƙar buɗewa tana farawa da ƴan daƙiƙoƙi na sautin fili, kafin gitar ta shigo ita kaɗai ta zayyana matakan muryar da za a taka. Wannan shimfiɗa tsohuwar al'ada ce; masu tahardant da masu goge suna yin ta kafin ƙwarya ta shigo. Sa'an nan ƙungiya ta faɗo gaba ɗaya. Turken waƙar gargaɗi ne a kan hassada da neman gyaran hali, jagora yana bayarwa ana karɓa masa. Abin da ya kamata mai nazari ya sa wa kunne shi ne gudun kiɗan. Yadda aka fara ba haka aka ƙare ba. Kiɗan yana ƙara sauri sannu a hankali, ba tare da an ji wurin da aka sauya ba. A sitidiyon zamani an saba ɗaure mai ganga da na'urar auna lokaci domin kada ya zarce. A nan an bar shi ya zarce, kuma bas ce ke hana abin wargajewa, domin duk saurin da aka yi tana faɗuwa a kan gida a daidai gaɓar da ƙafar mai rawa ke sauka.

5.2 Waƙoƙin gitar katako

Ya Habibti da Layla girmamawa ce ga Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a watan Janairu na 2020, kuma wanda Mdou Moctar ya sha faɗin cewa ganin wasansa ne ya sa shi sha'awar gitar tun yana yaro. A waɗannan waƙoƙi babban yatsa ya koma bakin aikinsa, tafi da amshi suka fito sarari, bas kuma ta ja da baya. Tala Tannam, waƙar bege, ita ce mafi taushi a faifan. Muna ganin hikima a wannan ja da baya. Mai tsara sauti da ba shi da kunne zai so ya cika kowane gurbi da kayan aikinsa. An bar waɗannan waƙoƙi da iskarsu, kuma su ne ke tuna wa mai sauraro inda masu lantarkin suka fito. In da babu su, baƙon kunne zai ɗauka cewa Chismiten ƴar Led Zeppelin ce da ta koyi Tamajak.

5.3 Afrique Victime

Waƙar da faifan ya ci sunanta ta haura minti bakwai, kuma a kanta ne masu kiran faifan rock progressif suka fi dogara. Tana farawa da tafiyar raƙumi, jagora yana rera baitoci da Faransanci a cikinsu, ƴan amshi suna karɓa. Gudu yana ƙaruwa. Can sai murya ta janye, gitar ta karɓe magana, ta yi ta hawa har ta bar kari ta koma kururuwa da ƙugi, ganguna suna sukuwa a ƙarƙashinta.

To, a nan ne muke rabuwa da masu sharhin. A rock progressif waƙa tana ci gaba ne ta sauya wuri: a bar wannan gida a koma wancan, a bar wannan ma'auni a ɗauki wani, kamar mai zagaya ɗakunan babban gida. A waƙar Afrique Victime ba a ƙaura. Abin da ke sauyawa shi ne sauri da kauri da zafi. Wannan nau'in ci gaba mun san shi tun kafin a ƙera gitar lantarki. Shi ne na kiɗan tande, inda mata ke tafi ana dukan turmi har raƙuma su ɗauki rawa. Shi ne na takamba. Shi ne kuma abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce kiɗa ya yi zafi, ko a fagen dambe ko a gaban masu garaya. Tsawon waƙar ma daga filin biki ya fito, inda masu rawa ne ke ƙayyade lokacin da makaɗi zai tsaya. Saboda haka sunan rok mai nauyi ya dace da fatar faifan, wato amon gitar da nauyin ganguna da bas. Sunan rock progressif kuwa aro ne da ya rufe ainihin abin. Ƙashin bayan waƙar na Abzin ne.

6.0 Abin da aka rasa

Yabon da muka yi bai hana mu ganin rauni ba, kuma raunin iri uku ne.

Na farko ya shafi kunnen da aka yi faifan dominsa. Tsirkiya mafi kauri a gitar tana kaɗawa kimanin sau 82 a daƙiƙa, ta bas kuwa kimanin sau 41. Ƙaramar lasifikar wayar salula ba ta iya fitar da amon da ya yi ƙasa haka. Ɓurɓushin samansa kawai take bayarwa. Anar ya rayu a waya domin duk abin da ke cikinsa a sama yake: siririyar murya, tafi, gangar na'ura. Afrique Victime kuwa an gina shi a kan ƙasa. Wanda ya saurare shi ta waya a tashar mota ta Agadas ko a kasuwar Arlit zai ji rufin ɗaki ba tare da ginshiƙi ba, dogon zubin gitar ya zame masa hayaniya. Cikakken faifan yana wurin mai manyan lasifiku. Ba mu ce an yi haka da gangan don a ware mutanen gida ba. Amma zaɓin amo zaɓin mai sauraro ne, ko an nufa ko ba a nufa ba.

Na biyu ya shafi murya da amshi. A waƙoƙi masu lantarki murya ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa, tana kokawa da gitar biyu da kuge. Ga wanda ba ya jin Tamajak wannan ba asara ba ce. Ga wanda waƙar ke yi wa magana kuwa asara ce, domin gitar ishumar tun asalinta jakadiya ce, kuma jakadan da ba a jin kalmominsa ya rage daraja. Haka kuma amshin ƙungiyar mutum huɗu ba zai taɓa maye gurbin guɗa da tafin taron mata ba. Etran de l'Aïr, a faifansu Agadez na 2022, sun fi kusa da wannan iska ta biki, ko da yake ba su kai Afrique Victime zurfin tsari ba.

Na uku ya shafi turke. Waƙar take kuka ce a kan zaluncin da ake yi wa Afirka, da kira kada a yi shiru. Kukan yana da tushe. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kamfanin COMINAK ya rufe ma'adininsa a watan Maris na 2021, wata biyu kafin fitowar faifan, kuma har zuwa lokacin mafi yawan ƙauyukan Nijar ba su da wutar lantarki. Sai dai waƙar ta tsaya a kan jimla. Afirka ce abin zalunta, ba Arlit ko Cintabaradan ba, kuma mai laifin ba shi da fuska. Da ta tashi ambaton mutum a matsayin majiɓinci, Gaddafi ta ambata, mutumin da ya ɗauki samarin ishumar ya tura su yaƙe-yaƙensa a Cadi da Labanan. Makaɗan Hausa sun koya mana cewa zambo da habaici suna cizo ne idan sun san inda suka dosa. A wannan waƙa gitar ta fi baitoci sanin abin da take nufi. Fushin da kalmomi suka kasa kamawa, zubin ƙarshe ya kama shi.

7.0 Abin da ya biyo baya

Faifan Funeral for Justice, wanda Matador ya fitar a watan Mayu na 2024, ya nuna cewa ƙungiyar ta ji wasu daga cikin waɗannan matsaloli, ta kuma ƙara zurfafa wasu. An ɗauke shi cikin kwana biyar a wani gida a jihar Niyok, kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ta fuskar turke ya fi kaifi. Oh France ta kira mai laifi da sunansa. Imouhar ta juya ga Abzinawa kansu, tana yi musu faɗa a kan sakin harshensu. Wannan kira ya ƙara nauyi bayan watan Maris na 2025, sa'ad da Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Mu masu nazarin Hausa bai kamata mu saurari Imouhar kamar ba da mu ake ba, tun da a kasuwar Agadas Hausa ce harshen ciniki, kuma yaron da ya saki Tamajak a birni sau da yawa Hausa yake kamawa.

Ta fuskar kiɗa kuwa Funeral for Justice ya ƙara matsawa ga rok mai nauyi. Waƙar buɗewarsa da dukan haɗin amo mai tsauri take farawa, irin wanda mai sauraron Deep Purple zai gane nan take. Ma'aunin da Afrique Victime ya riƙe tsakanin katako da lantarki ya karkata. Abin sha'awa shi ne, da juyin mulki ya rutsa da ƙungiyar a Amurka, aka rufe iyakoki suka kasa komawa gida, sai suka sake ɗaukar waƙoƙin da gitar katako, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Abin da faifai ɗaya ya haɗa a 2021 sai da aka raba shi faifai biyu. A ganinmu wannan ya ƙara tabbatar da matsayin Afrique Victime a tsakiyar ayyukan makaɗin.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa bas a faifan Afrique Victime ta karɓi aikin da babban yatsa ke yi a tahardant da gitar ishumar, kuma wannan rabon aiki ne ya ba jagora damar yin zubin da ya sa aka san shi. Mun nuna cewa tsaurin amon faifan ya yi tarayya da rok mai nauyi, amma yadda waƙoƙinsa ke ci gaba daga tande da takamba da filin biki ya samo asali, don haka sunan rock progressif bai zauna masa ba. Mun kuma nuna farashin da aka biya: faifan ya fi cika a kunnen baƙo fiye da a wayar ɗan gida, murya ta nutse, turken waƙar take kuma bai kai kiɗanta ƙarfi ba. Duk da haka hukuncinmu shi ne faifan ya yi nasara, kuma yana cikin muhimman ayyukan kiɗa da suka fito daga Nijar.

Saura aiki biyu a gabanmu. Na ɗaya, a kwatanta waƙoƙin nan kamar yadda suke a faifai da yadda ake kaɗa su a bukukuwan Agadas, a auna tsawo da gudu da yawan amshi. Faya-fayen Niger EP guda biyu na 2022, waɗanda suka ƙunshi ɗaukar da aka yi a gida, za su yi amfani a nan. Na biyu, a faɗaɗa hanyar nazarin waƙar baka ta sami gurbin mai tsara sauti, domin matsalar ba ta tsaya ga Abzinawa ba. Mawaƙan Hausa na sitidiyo a Kano da Maraɗi da Damagaram su ma a hannun mai kwamfuta waƙarsu ke ƙarewa, kuma har yanzu mukan feɗe matanin mu bar shi a waje. Muna fatan ɗalibanmu da ke jin Tamajak da Hausa duka biyu za su ɗauki wannan aiki.